Anubias da Kacalla: Tarihin Shuka Mai Nawa, da Kogin da Ya Ratsa Ƙasar Gaya da Ajingi

Idan ka shiga shagon masu sayar da kifin ado a Tokyo ko Balin ko Landan, da wuya ka fito ba ka ga wata 'yar shuka mai kauraren ganye kore shar ba, an ɗaure ta a jikin dutse ko guntun itace a cikin akwatin gilashi mai ruwa. Sunanta Anubias. Masu wannan sana'a suna ba sabon shiga shawarar ya fara da ita, domin tana da wuyar mutuwa. Abu ɗaya ne ke gundurar mutane da ita: nawa. Sai ta yi wata guda cur kafin ta fitar da sabon ganye ɗaya.

Abin da yawancin masu sayenta ba su sani ba shi ne, 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, kuma Najeriya na cikin gidajenta na asali. Mutumin da aka laƙaba wa nau'inta mafi shahara sunansa ma a ƙasar Nufe ya rasu.

Ita dai Anubias ba ta fitowa a kududdufan Gaya ko a fadamun Ajingi. Shukokin ruwa na wannan yanki, wato bado da kainuwa da kacalla, masu gaggawa ne. To me ya sa wata shukar ruwa take nawa, wata kuma take gudu? Amsar tana cikin tarihin ruwan da kowacce ta tashi a ciki, kuma wannan amsa ta shafi duk wanda ke noma ko su a bakin kogin Haɗeja.

Yadda aka fara tara kifi da shuka a gilashi

Ajiye kifi don ado tsohon abu ne, mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon jan kifi a tukwane. Matsalar da ta daɗe tana damun mutane ita ce, in ba a canja ruwa kullum ba, kifin sai ya mutu.

Mafita ta fara bayyana a 1771, lokacin da Joseph Priestley a Ingila ya lura cewa reshen na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya lalata a cikin rufaffen gilashi. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nutsa ganyaye a ruwa, ya ga suna fitar da ƙananan kumfa idan akwai hasken rana, su daina idan duhu ya yi. Wannan kumfa ita ce iskar oksijin da muke shaƙa, kifi ma ita yake shaƙa.

Sai a 1850 wani masanin sinadarai mai suna Robert Warington ya haɗa abin wuri guda. Ya sa jajayen kifi biyu da wata ciyawar ruwa mai suna Vallisneria a mazubin gilashi mai cin lita 50 da ɗoriya, daga baya ya ƙara dodon koɗi don su cinye ruɓaɓɓen ganye. Kifi na ba shuka iskar kabon dayoksaid da taki, shuka na mayar wa kifi oksijin. Ruwan ya zauna lafiya ba tare da an canja shi ba. Dama a 1845 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin gilashi, saboda haka gilashi ya yi araha. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko don jama'a, a 1854 kuma littafin Philip Henry Gosse ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen Turawa.

Akwai kuma wani akwatin da ya riga wannan. A 1829 Nathaniel Ward, likita a Landan, ya gano cewa tsiro na iya rayuwa tsawon lokaci a rufaffiyar kwalba, domin raɓar da ta tashi tana komawa ƙasa. Daga nan aka ƙera akwatunan katako da gilashi da ake ɗaukar shuke-shuke masu rai a jirgin ruwa na tsawon watanni. Da irinsu aka kai itacen kwinin Indiya, aka kai itacen roba Asiya. Ka ga kenan a daidai tsakiyar ƙarni na 19, Turai na da kwaɗayin baƙin shuke-shuke, tana kuma da hanyar ɗauko su.

Jirgin da ya fashe a Jebba

A 1854 wani likita ɗan Sikotilan, William Balfour Baikie, ya jagoranci jirgin Pleiad ya shiga kogin Kwara da Binuwai. Ya sa mutanensa shan kwinin kullum, kuma aka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da ba a saba gani ba a irin waɗannan tafiye-tafiye. Saboda wannan nasara aka sake tura shi a 1857 a wani jirgi mai suna Dayspring. Cikin tawagarsa akwai Samuel Ajayi Crowther, akwai kuma wani mai kula da lambu da ya yi aiki a lambun Kew, sunansa Charles Barter. Aikinsa shi ne ya tsinko shuke-shuke, ya busar, ya aika Landan.

A watan Oktoba na 1857 jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe. Tawagar ta shafe kimanin shekara guda a bakin kogi tana jiran wani jirgin. Barter bai zauna haka nan ba, ya ci gaba da tattara samfurori a ƙasar Nufe da kewaye. Ya kuma tattara a tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, kuma daga can ne ya samo shukar da muke magana a kai. A watan Yuli na 1859 ya rasu a Rabba, a cikin jihar Neja ta yanzu. Shi kuwa Baikie ya kafa sansani a Lokoja, ya koyi Hausa, a 1862 ya zo har Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi.

Can a Biyana ta ƙasar Ostiriya, akwai wani masani mai suna Heinrich Wilhelm Schott wanda ya ƙware a dangin gwaza. Shi ne a 1857 ya raɗa wa wannan jinsi suna Anubias, daga Anubis, wani abin bautar mutanen tsohuwar Masar da suke dangantawa da matattu. Ana cewa son inuwar shukar ne ya jawo mata sunan. Nau'in farko ya kira shi Anubias afzelii, don tunawa da Adam Afzelius, ɗan Suwidin da ya yi aikin tsirrai a Saliyo. A 1860, shekara guda bayan rasuwar Barter, Schott ya sa wa samfurinsa suna Anubias barteri.

A 1899 Adolf Engler na Jamus ya bayyana wata 'yar ƙarama daga yankin Victoria a Kamaru, garin da yau ake kira Limbe, ya kira ta Anubias nana. A 1979 wani ɗan Holan, Wim Crusio, ya sake bin jinsin kaf, ya tsayar da nau'i 8, ya kuma nuna cewa ita nana reshe ce kawai ta barteri. Wannan 'yar ƙaramar ita ce yau ta cika shagunan duniya.

Duba jerin sunayen nan da kyau: ɗan Ingila, ɗan Suwidin, ɗan Ostiriya, ɗan Jamus, ɗan Holan. Mutanen da suka tuƙa kwalekwale, suka nuna rafin da shukar take, suka ɗauki kaya a ka, sunan ɗayansu bai hau kan shukar ba.

Me ya sa take nawa?

Gidan Anubias shi ne bakin ƙoramu a cikin kurmi, daga kudu maso gabashin Najeriya zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. Manyan itatuwa sun rufe sama, hasken da ke isa ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Ruwan na gudu a kan duwatsu, kuma ba shi da taki sosai. Da damina ruwa ya shanye ta, in ya janye ta zauna a waje cikin laima.

A irin wannan wuri, ganye abu ne mai tsada. Shukar ba ta samun hasken da za ta haɗa abinci da yawa, saboda haka in ta yi ganye, sai ta yi shi mai kauri da tauri, wanda ruwa ba zai yaga ba, ƙwaro ba zai ci da sauƙi ba, ya kuma daɗe yana aiki har ya biya kuɗinsa. Gindinta ma ba ya shiga ƙasa. Kwance yake kamar citta, yana rarrafe a kan dutse, saiwoyi na kama dutsen kamar yatsu. A cikin wannan gindi take ajiye guzurinta.

A 2004 Ian Wright da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a mujallar Nature, inda suka kwatanta ganyen shuke-shuke sama da nau'i 2,500 daga wurare 175 na duniya. Sun ga tsari ɗaya yana maimaituwa ko'ina. A gefe guda akwai ganye mai arha, siriri, mai saurin kawo riba, mai saurin mutuwa. A ɗaya gefen akwai ganye mai tsada, mai kauri, mai kawo riba a hankali amma na dogon lokaci. Kamar bambancin mai shuka alayyafo da mai dasa dabino ne. Anubias mai dabino ce.

'Yan uwanta na ƙasar Gaya

Yanzu mu dawo gida. A gabashin Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani ne. Kududdufin da ya cika a watan Agusta, zuwa Maris ya zama busasshen laka mai tsagewa. Rana kuwa ba abin da ke tare ta. Shukar ruwa a nan ba ta da lokacin gina ganye mai tsada. Ko ta yi sauri, ko ta san inda za ta ɓuya.

Kainuwa ta zaɓi sauri. Abin mamaki, ita da Anubias da gwaza duk dangi ɗaya ne, wanda masana ke kira Araceae. In ka duba tsakiyar kainuwa da kyau za ka ga ɗan mitsitsin fure mai siffar na gwaza. Tana yawo a saman ruwa, tana miƙa 'ya'ya ta gefe, cikin 'yan makonni ta rufe kududdufi. Ba banza Bahaushe ya yi mata kirari da dashen Allah ba.

Bado kuma ya haɗa biyun. Da ruwa ya zo sai ya tura ganye sama da gaggawa, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Da ruwa ya ƙafe sai ya koma cikin ƙullutun da ke binne a laka ya jira baɗi. Mutanenmu sun daɗe da sanin wannan ajiya, shi ya sa ake cin 'ya'yan bado da ƙullutunsa, musamman a shekarun da hatsi ya yi wuya. Likitan nan J. M. Dalziel ya rubuta sunayen bado da kainuwa a ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa na 1916. Wani abin dariya: farin badon nan namu, Nymphaea lotus, shi ma yana cikin shukokin da ake sayarwa da tsada a shagunan kifin ado na Turai, saboda ganyen da yake yi a ƙarƙashin ruwa mai ɗige-ɗige ne.

Da aka canja wa kogi hali

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Daga Wudil ya bi ta ƙasar Ajingi, arewa da Gaya, ya shiga Jigawa ta wajen Ringim, ya nufi Haɗeja da Nguru. A da, halin kogin ɗaya ne da na kududdufi: ya cika ya batse a ƙarshen damina, da rani ya koma rairayi, sai ɗan ruwa nan da can. Ambaliyar na wanke hanyoyin ruwa, ranin kuma na kashe duk ciyawar da ke son zama dindindin.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta yi. A 1992 aka kammala ta Challawa. Amfaninsu a fili yake: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura da sauran wurare. Amma sun sauya wa kogi numfashi. Babbar ambaliyar shekara ta ragu, ruwan rani kuma ya daina ƙafewa, domin ana sakinsa a hankali duk shekara. Ga kuma ragowar takin zamani daga gonakin rani, da dattin gari da na masana'antu, duk suna gangarowa cikin kogin.

Ruwa marar zurfi, wanda ba ya ƙafewa, mai taki, a buɗaɗɗiyar rana: in da kacalla za ta yi addu'a, abin da za ta roƙa kenan. Ita kacalla, Typha domingensis, tana fin tsawon mutum nesa ba kusa ba. Zangarniyarta ɗaya na ɗauke da iri sama da 100,000 da iska ke kwasa, gindinta kuma na bi ta ƙarƙashin laka yana ɓullo da sabbin tsirrai. Inda ta kafu, ruwa na rage gudu, laka na taruwa, wurin ya ƙara dacewa da ita. A dausayin Haɗeja da Nguru ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kiwo da na su, ta karkatar da ruwa zuwa garuruwan da ba sa bukatarsa, wasu kuma suka rasa. Ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cin hatsi. Wannan duk a yankin da aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na muhimman dausayin duniya a shekarar 2000.

Mafi munin ɓarnar tana can ƙasa da Ajingi, amma ruwan ta ƙofar Ajingi yake wucewa. Buhun takin da aka zuba fiye da ƙima a fadama, wanda ruwa ya wanke, ba ɓacewa yake ba, wani ne a gaba zai karɓe shi a matsayin kacalla.

Ga inda akwatin gilashi ya zama makaranta. Duk mai kiwon Anubias ya san abin da ke faruwa in ya ƙara haske ko ya cika wa kifi abinci. Shukar ba za ta ƙara sauri ba, domin ba haka aka gina ta ba. Rarar hasken da takin sai gansakuka ta kwashe, ta lulluɓe ganyen. Wato duk inda aka samu rarar abinci a ruwa, mai sauri ne ke cinyewa. Abin da ke faruwa a lita 50 cikin mako biyu, shi ne ya faru a kogin Haɗeja cikin shekaru 50.

In kana son ka gwada

Ga ɗalibi ko malamin kimiyya a Gaya, Ajingi ko Wudil da ya samu Anubias, kula da ita ba wuya, in dai an tuna daga inda ta fito.

Kar ka binne gindin a yashi, ruɓewa zai yi. Ɗaure shi da zare a jikin dutse ko busasshen itace, bayan 'yan makonni saiwoyi za su kama da kansu. Ajiye akwatin inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. In fitila ce, awa 6 zuwa 8 a rana sun isa, kuma ɗauke wuta na yini ɗaya ko biyu ba ya kashe ta. Ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. A nan ne yanayinmu ke ba da wahala: da bazara zafin Kano kan haura digiri 40, saboda haka sai a nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, da hunturu kuma a rufe akwatin da daddare. A canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti don sinadarin kulorin ya fice. Ƙananan kifi kaɗan sun wadatar, tarwaɗa kam za ta dagula ruwan ta cika shi da datti. In gindin ya yi tsawo, a yanka shi da reza mai tsafta, kowane yanki da ganye uku ko huɗu, shi kenan an samu shuka biyu.

Wanda bai samu Anubias ba ma yana iya maimaita gwajin Ingenhousz. Ka tsinko ciyawar da ke nutse a kududdufi, ka sa a kwalba mai ruwa, ka ajiye a rana ka ƙirga kumfa a minti ɗaya, sannan ka mayar inuwa ka sake ƙirgawa.

Gargaɗi ɗaya: kar ka taɓa zubar da baƙuwar shukar ado a kogi ko kududdufi. Akwai wata mai kama da kainuwa, mai fure ruwan shuni, 'yar asalin yankin Amazon, wadda aka yaɗa a duniya saboda kyan furenta. A 1984 ta ɓullo a ruwan Badagry da Legas, daga baya ta bayyana a tafkin Kainji. Tana iya ninka kanta cikin mako biyu, kuma har yau ana fama da ita.

Wa ke cin riba?

Yau Anubias da ake sayarwa a duniya, akasarinta ba daga kurmi ake tsinko ta ba. Kamfanoni irin su Tropica na Denmak, wanda Holger Windeløv ya kafa a 1970, da gonaki a kudu maso gabashin Asiya ne ke ninka ta, wani lokaci daga ɗan mitsitsin yanki a cikin kwalbar ɗakin gwaji. Mai ɗaukar hoto ɗan Japan Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, ya mayar da shirya shuke-shuken ruwa wata fasaha da ake gasa a kai. Wannan ya rage wa kurmi nauyi, amma yana nufin cinikin shukar Afirka a wajen Afirka ake yin mafi yawansa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce a raba amfanin albarkatun halitta da ƙasashen da suka fito. Sai dai ta zo bayan samfurin Barter da shekaru 150.

Abin da ke hannunmu shi ne na gaba. Bado, kainuwa da ƙananan ciyayin da ke nutse a fadamun Gaya da Ajingi suna da sunaye a bakin masunta da mata masu tsinkar bado, kuma tsofaffi na iya faɗa maka wace ciyawa ce ta yi yawa bayan an gina Tiga, wacce kuma aka daina gani. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana nan Wudil, a bakin wannan kogi. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu, da waya mai ɗaukar hoto, da haƙurin komawa wuri ɗaya duk wata na tsawon shekara biyu ko uku, zai tara bayanin da masu kula da sakin ruwan madatsun nan ke bukata. In aka rubuta wannan tarihin, a sa sunan masuncin da ya nuna wurin.